Faci uku cikin kwana uku a tsaunukan Flinders: nazarin tafiyar wani mai jif

## Yanda abun ya faro

Mutumin dai mazaunin Adelaide ne, babban birnin jihar Ostareliya ta Kudu. Tuƙi kam ya iya shi, ya fi shekara goma yana riƙe da sitiyari, sai dai duk a kan kwalta ya yi shi. Ya sayi tsohuwar jif mai shan dizal irin mai ja da ƙafa huɗu, ya saka mata ƙarfen kariya a gaba saboda kangaru, ya ɗora tanti a saman rufi, ya sa firji da batir na biyu da durowoyi a but. Tayoyin da ya tarar a jikinta kuwa bai taɓa su ba, tunda a ido ba su da laifi. Na kan titi ne irin na motocin gida, zanen ƙasansu ya cinye fiye da rabi, kuma lambar nan mai alƙalumma huɗu da ke gefen taya, wadda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, tana cewa sun shekara shida. Safaya guda ɗaya.

Su uku ne a motar, shi da matarsa da ƙaninsa. A watan Mayu suka tashi, wanda a can farkon sanyi ne, lokacin da mutane suka fi shiga daji don da rani zafin yankin na iya haura digiri 40. Tsarin shi ne su bi ta Hawker su shiga gandun Ikara-Flinders Ranges, su ratsa kwazazzaban Bunyeroo da Brachina, su kwana kusa da Blinman, daga nan su yanka gabas zuwa kwazazzabon Chambers da Arkaroola, su fito ta Copley, sai arewa zuwa kufan Farina su ƙare a Marree. Marree ɗin ce ma asalin abun da ya ja shi, garin da masu raƙuma Musulmi da ake kira Afghan suka zauna tun ƙarni na 19 har suka gina masallaci na ƙasa da ake lissafa shi cikin na farko-farko a Ostareliya. Kwana shida ya ware, ya biya kuɗin wuraren kwana ta intanet tun daga gida, kowace rana da inda dole sai an kai kafin magariba, kuma lokacin da ya lissafa tsakanin wuri da wuri daga taswirar waya ya ɗauko shi.

## Rana ta 1: kwalta zalla

Daga Adelaide zuwa bakin gandun ya haura kilomita 400, duk kwalta. A gidan man farko ya ga bayan motar ya zauna saboda lodi sai ya ƙara iska zuwa psi 44 a duka tayoyin, psi shi ne awon ƙarfin iskar taya. Ba abun da ya faru ranar, sun isa da la'asar sakaliya sun kafa tanti.

## Rana ta 2: facin farko a Brachina

Hanyar Bunyeroo da Brachina ba kwalta ba ce, burji ce da tsakuwa, wani wajen ma cikin busasshen rafi motar ke bi, duwatsun da ruwa ya turo sun baje ko ina. Brachina wuri ne da masana duwatsu ke ji da shi, tafiyar kilomita 20 ce da ake ratsa duwatsu masu shekaru tsakanin miliyan 500 zuwa 650, an kakkafa alluna ana bayanin kowane, sannan akwai wata ƙaramar dabba dangin kangaru mai rawayan ƙafafu da ke zama a jikin duwatsun. Amma ga mai mota abun lura shi ne irin dutsen, wani yana farfashewa falle-falle ya bar kaifi, wani kuma tauri gare shi ga tsini.

Iska na nan a 44, yana tafiya 60 zuwa 70 inda hanya ta miƙe. Wajen azahar ƙafar baya ta hagu ta fara saki. Wani ɗan dutse mai tsini ne ya shige tsakiyar tafin tayar. Yana da irin facin nan na zare mai danƙo da ake cusawa da tsinke ba sai an kwance taya ba, ya cusa ɗaya, ya jona kwamfaresa da batir ya hura, ya tsaya. Minti arba'in abun ya ci.

A nan ya yanke shawara ta farko. A ganinsa taya mai laushi ita dutse ke samun shiga, don haka ya kai tayoyin baya 48 ya bar na gaba a 44. Sun kai wajen kwana kusa da Blinman rana ta faɗi.

## Rana ta 3: Blinman, da tayar da ta mutu

Da safe suka shiga Blinman. Garin na kan tudu wajen mita 600 sama da teku, shi ne mafi bisa a jihar. Wani makiyayin tumaki mai suna Robert Blinman ne ya ga alamar jan ƙarfe a wurin a 1859, aka fara haƙa a 1862, aka yi ta buɗewa ana rufewa har zuwa 1907. Lokacin da kasuwa ke ci mutanen garin sun kai wajen 1,500, cikinsu da masu haƙa daga Cornwall ta Ingila, ana ɗora ma'adinin a amalanken shanu zuwa tashar jiragen ruwa ta Port Augusta, an kuma sare itatuwan kewaye don hura wutar narka shi. Yau mutanen da suka rage ba su taka kara sun karya ba, otal ɗaya, 'yan gidajen dutse, maƙabarta, sai ramin da ake zagaya baƙi a ciki. Su ma sun shiga ramin, zagayen ya ɗauke su har kusan ƙarfe ɗaya, ga abinci, ga hotuna, ba su bar garin ba sai bayan biyu.

Daga Blinman zuwa Arkaroola wajen kilomita 150 ne kuma burji ce, kwazazzabon Chambers na wajen tsakiya, sai an sauka daga babbar hanyar an ƙara 'yan kilomitoci. Hanyar da faɗi, ta fi ta jiya kyan gani nesa ba kusa ba, amma akwai gargada, irin tudu-tudun nan ƙanana a jere da ke karkaɗa mota har haƙora su riƙa haɗuwa. Duk wanda ya tuƙa a irinta ya san in ka taka ka kai 80 sai karkarwar ta ragu don tayoyin na tsallake ramukan ne ba sa faɗawa kowanne. Ga kuma tsoron magariba, don da yamma kangaru da emu, wato jiminar can, ke fitowa hanya. Sai ya riƙe 85 zuwa 90.

A wata gangara inda hanya ta ratsa busasshen rafi bai rage ba sosai, ƙafar baya ta dama ta daki dutse, suka ji ƙara, bayan motar ya yi wutsiya amma ya riƙe ta. Tayar ta tsage daga kafaɗa zuwa gefe, tsawon ɗan yatsa. Ya cusa zare biyu, suka fito da iskar. Ya juye gwangwanin ruwan gam da ake fesawa ta bakin bawul, ruwan ya tsiyaye ta tsagar ya zube a ƙasa. Shi gefen taya lanƙwasa yake duk juyi ɗaya, ba ya riƙe faci, gam ɗin kuma don ƙananan huji irin na ƙusa aka yi shi. Dole aka sa safaya. Jak ɗin ma sai da ya nutse a tsakuwa, ƙanin ya nemo faffaɗan dutse aka ɗora shi a kai.

Sun shiga Chambers da duhu a hankali da fitila. Safaya babu, waya ba sabis tun da suka bar Blinman, rediyon mota ba su da ita balle na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan adam.

## Rana ta 4 da safe: faci na uku

Chambers ba sansani ba ne mai famfo ko banɗaki, daji ne kawai, mutane na zuwa ne don ganin zane-zanen da mutanen Adnyamathanha, 'yan asalin yankin, suka sassaƙa a jikin duwatsu tun zamanin da. Sun yi dabara ɗaya mai kyau da dare, ba su kafa tanti a cikin rafin ba ko ƙarƙashin manyan itatuwan turare da ke bakinsa, don ruwa na iya sauka a wani wuri mai nisa ya iso da ambaliya, itatuwan kuma suna yar da reshe ba sanarwa.

Da gari ya waye geji, wato ma'aunin iskar taya, ya nuna tayar da aka yi wa facin farko ta sauka zuwa 31. Ya mayar da ita 48. Ba su kai ga babbar hanya ba wannan tayar dai ta sake samun wani hujin, wannan karon yanka ne a tafi, sai da ya cusa zare uku kafin ya toshe, kuma da aka shafa ruwan sabulu ana ganin kumfa na tashi kaɗan-kaɗan. Zare biyu suka rage a kwali.

Ƙanin ya kawo shawarar shi ya taka da ƙafa zuwa wani gidan gonar tumaki da suka ga alamarsa jiya, matar ta ce sam. A dajin Ostareliya abun da hukuma da jiragen likitoci na Royal Flying Doctor Service suke ta nanatawa kenan, in mota ta lalace kar ka bar ta, don mota ana hango ta daga sama kuma tana da inuwa da ruwa, mutum a ƙafa kuwa ɓacewa yake. Ruwansu ya haura lita 100. Suka lallaɓa motar zuwa mahaɗar babbar hanya, suka ɗaga bonet suka zauna.

## Rana ta 4 da rana: lissafin lodi

Bayan wajen awa biyu wani dattijo da matarsa suka tsaya, irin 'yan fanshon nan da ke yawo da motar kwana wata da watanni. Dattijon bai fara da duba hujin ba, geji ya nema. Da ya ga 48 sai ya tambayi gudun da suke yi, sannan ya buɗe ƙofar direba ya duba farantin da ke nuna iyakar nauyin motar. Abun da aka yarje mata ta ɗauka, har da mutane, wajen kilo 650 ne. Suka zauna da takarda suka lissafa, mutum uku 240, ruwa lita 120 da suka taso da shi kilo 120, jarkokin dizal uku a saman rufi wajen 60, tanti da kariyarsa 90, ƙarfen gaba 60, firji da batir da durowoyi 110, abinci da tukunyar gas da kayan aiki da tufafi 130, sai itacen wuta 40 da suka saya a hanya tunda an hana tsintar itace a cikin gandun. Jimla 850. Obalodi na kilo 200 kenan lokacin tasowa, kuma mafi yawansa ko a rufi yake ko a can ƙarshen but bayan tayoyin baya.

Bayanin da ya yi musu shi ne taya da aka cika da iska tamau kamar fatar ganga ce da aka ja, tsini na taɓa ta sai ya huda, amma in an sassauta sai ta lanƙwashe ta rungume dutsen ta wuce, kuma tafinta na ƙara tsawo a ƙasa nauyi ya bazu. Ya kuma ce ba mamaki duk facin a baya suke, tayar gaba ce ke taka dutsen da ke kwance ta tayar da shi tsaye, ta baya ta zo ta hau tsinin ga nauyi a kanta.

Aka juye dizal jarka biyu a tanki, aka bar wa dattijon itacen, aka sauko da jarka ta uku da akwatin kayan aiki zuwa ƙasan kujerar tsakiya. Ruwa ba a zubar da ko kofi ba. Ƙanin ya koma motar dattijon da jakarsa. Kafin a tashi sai da aka rage wajen kilo 140 daga motar, dizal ɗin da aka juye kuma ya bar rufi ya koma ƙasa.

## Gwajin da ya zarce

Dattijon ya ce a sauke zuwa tsakanin 26 da 30 a riƙe 60, ya yi gaba don kar ƙurarsa ta rufe su, da alƙawarin zai riƙa jira. Mutumin namu kuma da ya ji cewa sassautawa ce magani sai ya sauke duka zuwa 18, irin iskar da ake amfani da ita a cikin yashi. Motar ta yi laushi, gargadar ta ragu, ba tare da ya lura ba maleji ya koma 75 zuwa 80.

Bayan rabin awa da suka iske dattijon ya sa hannu a gefen tayar baya, zafi rau, geji ya nuna 27, wato ta hau da 9. Akwai wani ƙiyasi da masu tuƙin daji ke amfani da shi, a auna taya tana sanyi, a sake aunawa bayan an yi tafiya, in ta hau da wajen 4 zuwa 6 to lafiya, in ta zarce haka iskar ta yi kaɗan ga wannan nauyin da wannan gudun, gefen na lanƙwasa da yawa yana dafa kansa, kuma ta haka taya ke fashewa gaba ɗaya. Ban da haka a 18 cikin tayar ya bullo waje sosai, duwatsun gefen hanya na gogarsa, an ga sababbin ƙarce guda biyu. Suka jira ta huce, aka hura.

## Abun da ya tsaya

Gaba 26, baya 30, an auna tana sanyi. Gudu 50 zuwa 60, a kowace gangarar rafi a sauko 20, a bi sawun da motoci suka share, in dutse ya zama dole a hau shi da tsakiyar tafi kar a goga shi da gefe. Duk minti talatin a tsaya a duba mai yoyon a ƙara mata. Da aka sake aunawa ta hau da 4 kacal.

Sun wuce Balcanoona suka isa Arkaroola da hasken rana. Wurin wani masanin duwatsu ne, Reg Sprigg, ya mayar da shi mafakar namun daji a ƙarshen shekarun 1960, shi ne kuma wanda ya gano burbushin wasu tsofaffin halittun teku a tuddan Ediacara a 1946, kuma yankin ma tsohon wurin haƙa ne, an nemi jan ƙarfe an kuma haƙi ma'adinin radiyam a kewayen dutsen Painter. A nan aka kwance tayar aka yi mata faci ta ciki. Wadda ta tsage an ce ta mutu. Sun ƙara kwana ɗaya da ba ya cikin tsari, kuɗin wurin kwanan da suka biya a gaba ya tafi.

## Rana ta 6 zuwa ta 8

Arkaroola zuwa Copley wajen kilomita 130 ne ta kwazazzabon Italowie da Nepabunna, yawancinta burji. Ƙanin ya dawo motar, amma an rage ruwa zuwa lita 60 tunda yanzu sun san nisan da ke tsakanin wuraren da za su samu. Safaya har yanzu babu. Suka bi da 26 da 30 da gudun 60, awa uku da 'yan kai, ba faci. In aka haɗa da ta Chambers zuwa Arkaroola, sama da kilomita 200 kenan a kan tsofaffin tayoyin nan dai, ɗaya ma mai faci biyu.

A wani gareji a yankin ya sayi tayoyi biyu masu alamar LT, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, jikinsu ya fi kauri kuma an yi su don lodi, aka sa su a baya, mafi lafiya cikin tsofaffin ta koma safaya. Da suka hau kwalta ya mayar da iska yanda farantin motar ya ce. Sun leƙa Leigh Creek, garin da aka gina don ma'aikatan kwal, wanda tun da aka rufe mahaƙar a 2015 layuka da yawa suka zama wayam. Sun kwana a Farina, da aka kafa a 1878 da zaton za a noma alkama, layin dogo ya iso a 1882, fari da ƙura suka kori mutane, yanzu sai bangayen dutse da wani tsohon gidan burodi na ƙarƙashin ƙasa da 'yan sa kai ke kunnawa 'yan makonni a lokacin sanyi. Marree suka isa a rana ta 8 maimakon ta 6, masallacin da ake gani a can yanzu kwaikwayon na asalin ne aka sake ginawa. Sun koma Adelaide ba tare da wani facin ba.

## Hukunci

Da yawa in suka ji labarin cewa suke tayoyin ne ba su dace ba, kuma da gaskiyarsu, tayar kan titi mai shekara shida da zane rabi ba ta wannan hanyar ba ce, safaya ɗaya ma ganganci ne a inda ake tafiyar kilomita 150 ba mai faci. Amma ni a ganina ba su ne kan gaba ba, don tayoyin da suka yi faci uku a kwana uku su ne dai suka yi sama da kilomita 200 lafiya bayan an canza iska da gudu da lodi. Sababbin sun zo ne bayan matsalar ta riga ta kwanta.

Ƙara iska zuwa 48 shi ne kuskure mafi tsada, don ya ƙara ainihin abun da ya kawo facin farko. Zare da gam ba su gaza ba, an sa su aikin da ba nasu ba ne. Sauke iska zuwa 18 kuma ya nuna lamba ita kaɗai ba ta magani, rage iska sai da rage gudu, in ba haka ba ka kauce wa huji ka faɗa fashewa. Zaman da suka yi a jikin mota da ruwan da suka ƙi zubarwa su suka sa abun ya tsaya a asarar kuɗi da kwana biyu, duk da dai sa'a suka ci hanyar Arkaroola ana ɗan bin ta a watan Mayu, a tsakiyar rani jiran zai fi haka tsawo.

Tushen duka kuwa jadawalin ne. Ba son gudu ya sa shi taka 90 a kan burji ba, wurin kwanan da ya biya ne da magaribar da ke matsowa, bayan ya ware wa kilomita 150 na dutse lokacin da ya dace da kwalta, ya kuma ɓata rabin yini a Blinman. Da ya ba wannan zagayen kwana takwas tun farko, da tayar da ta tsage a gangarar rafin nan a gudun 20 za ta sauka.